Cin dim sum a Nom Wah lokacin hutun hunturu

'Yar'uwa, kin ce za ki kai yara Nom Wah a Niyok hutun Disamba, kina tambayar me Musulmi zai iya ci.

Gidan shayin yana titin Doyers a Chinatown, tun 1920 ake cinikin. Dim sum 'yan ƙananan loma ne, galibi turararru cikin kwandon gora, ana ci ana kurɓar shayi.

Inda mutane ke faɗawa shi ne naman alade. Irin dim sum ɗin da ake kira siu mai da char siu bao galibi da alade ake yin su, ki bar su. Har gow na jatan lande ne, fatarsa garai-garai har kina hango jan ciki, amma wasu masu dafawa suna sa kitsen alade, kuma wainar turnip (wata farar saiwa mai kama da karas) kan zo da tsiran alade. Ni nakan tsaya kan na ganye, kuma sai na tambayi mai kawo abinci abin da ke cikin kowanne. Batun tukunya ɗaya da alade, ki tuntuɓi malaminki. Yaron da jatan lande ke wa ƙaiƙayi, likita tukuna.

Ku je da wuri, layi kan fito waje ga sanyi. Ku sa safar hannu.