Ramin intanet na Raspberry Pi ya ƙi aiki

Tambaya: Malam, na harhaɗa babbar manhajar Linux da kaina na ɗora wa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 B. Ta tashi lafiya lau, amma in na soka wayar intanet ko fitila ba ta kamawa. Allon ne ya ƙone? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya ƙonewa ce. A wannan allon, ramin intanet ɗin ta USB yake bi. Dubi ɗan baƙin cif ɗin da ke bayan ramukan USB, an rubuta LAN9514 a kansa. Shi ke riƙe da ramukan huɗu da na intanet gaba ɗaya.

Saboda haka direba biyu kake bukata, wato manhajojin da ke sa Linux ta iya sarrafa na'ura: dwc2 ko dwc_otg mai tada USB ɗin kansa, sai smsc95xx na intanet. Ina zargin wajen rage wa Linux ɗin nauyi ka yar da ɗaya, ni ma na taɓa kwana a kan wannan. Buga umarnin lsusb, mai jero na'urorin da ke kan USB. In ka ga cif ɗin, smsc95xx ne babu. In bai nuna komai ba, koma kan direba na farko.

Lura fa, samfurin 3 B+ direban lan78xx yake so maimakon smsc95xx.