Tambaya da Amsa: Yini ɗaya a Istambul, shi baya son tsari ni kuma ina so

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata mai zuwa zan raka maigidana Turkiyya wani taro na wajen aikinsu, to sai aka samu rana ɗaya babu zama, Talata ce, ni dai tunda naji haka na fara rubuta wuraren da zamu je a Istambul har guda tara, shi kuma ya leƙa takardar ya tuntsire da dariya wai shi bai zo jarrabawa ba, mu fito kawai duk inda ƙafa ta kai mu shikenan. Anti ni nasan halinmu, zamu tsaya bakin titi yana cewa ina zamu ina cewa duk inda kace har la'asar tayi mu koma otal kowa na cika yana batsewa. Ya zanyi? Daga wata mai bibiyar filin nan.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya naso in goya miki baya dan nima mai takarda ce, amma wuri tara a yini ɗaya cikin garin da mutanensa sun haura miliyan 15, ai wannan ba yawon buɗe ido bane, aikin ɗan aike ne. Maigidan naki ya fiki gaskiya a wannan karon, kiyi haƙuri. Saidai inda zai makara shine garin yana da nasa tsarin ko ku baku da shi. Kince Talata, toh fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kuma ake ajiye da kayan tarihin Musulunci, a rufe take ranar Talata, in tana cikin taran nan ki soke ta tun yanzu. Babbar kasuwarsu mai rufi kuma Lahadi ce bata buɗewa, ita kam zaku same ta.

Abinda nake ganin zai raba gardama, ki zaɓi wuri ɗaya tak wanda in baki gani ba zaki dawo kina cizon yatsa, ki ce masa wannan nawa ne, da safe, sauran yinin na baka. Kinga kin samu naki shima ya samu nasa. Ni da ni ce unguwar Sultanahmet zan ce, saboda abubuwan a cure suke wuri guda. Ayasofiya tana nan, an kammala gininta a shekarar 537 a matsayin coci, Sarki Muhammadu Alfatih ya maida ta masallaci bayan ya ci garin a 1453, ta zama gidan tarihi a 1934 sannan aka koma sallah a ciki a 2020, kina ɗaga kai ki ga kubbar sai kiji wuyanki ya gaji baki gama kallo ba. Daura da ita, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa, ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Kuma a gefe akwai wani tsohon ma'ajin ruwa a ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, sanyi da duhu-duhu, wurin hutawa ne in rana ta buɗe. Ki dai lura lokacin sallah ana tsayar da masu kallo, ku kam sai ku shiga sahu abinku.

Daga nan ki ninke takardar ki jefa jaka, kar ki sake fito da ita ko yana kallon wani gefe. Ku hau jirgin ƙasan nan na kan titi zuwa unguwar Eminonu da ke bakin ruwa, kati ɗaya ne na Istanbulkart yake shiga shi da bas da jirgin ruwa duka, daga can ku hau jirgin ruwa ku tsallaka zuwa unguwar Uskudar, tafiyar bata kai rabin awa ba amma kun bar nahiyar Turai kun shiga Asiya kenan. Lokacin da naje wannan ɗan tsallaken shi yafi komai zauna mun a rai, tsuntsayen teku na bin jirgin suna ihu, iska na neman ƙwace mun mayafi, maigidana da tun safe yake mitar ƙafa yayi tsit yana kallon hasumiyoyi suna ja baya. Ba ma ya cikin lissafina wallahi, hanya muka ɓata muka ga mutane na tururuwa muka bi su.

Maganar tsayuwa bakin titi kuwa, matsalar ita ce "duk inda kace" ɗin nan da muke yi alhali muna da inda muke so a ciki. Ku yi yarjejeniya tun a ɗaki, wanda aka tambaya dole ya faɗi wuri, ko da hagu ko dama ne, kuma wanda ya gaji ya faɗa kafin ransa ya ɓaci, dan yawancin faɗan tafiya gajiya ce da yunwa suke sa rigar fushi. Kar ki saka sabon takalmi, ni na taɓa yi, da filasta na ƙarasa yinin. Ku ɗauki katin otal ɗin kowa da nasa a aljihu saboda waya tana iya mutuwa, kuma ku ajiye wurin haɗuwa in cunkoson kasuwa ya raba ku, ƙofofinta da yawa ne kuma duk lungunan kama suke da juna.

In ya rage muku ƙarfi da yamma ku tsaya kan gadar Galata, masu kamun kifi jere da sandunansu, kiran magariba yana tasowa ta ko'ina. Ki gaida mun shi, ki ce nace a wannan karon kaɗai ne.