Tambaya da Amsa: In sayi faifan waƙoƙin Jab Tak Hai Jaan ko in haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah shawara nake nema. Ni dai son fim ɗin Indiya gadonsa na yi a wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, tun zamanin da suke zuwa kallo sinimar Marhaba da ta Plaza yake tara kaset-kaset na waƙoƙi, ya bar min akwati guda, ni kuma na ɗora da tara faifan sidi. To yanzu wani yayana da yake karatu a Indiya ya kira ni ya ce ya ga orijina ɗin faifan waƙoƙin Jab Tak Hai Jaan a wani shagon tsofaffin kaya, da kwalinsa da komai, in inaso in tura kuɗi ya taho min da shi in zai zo hutu. Matsalar ita ce a majalisarmu an rabu gida biyu, wani abokina ya rantse asarar kuɗi zan yi wai A. R. Rahman, wanda ya haɗa kiɗan waƙoƙin, bai taɓa yin aiki mara daɗi kamar wannan ba, ɗayan kuma ya ce wanda bai ji daɗinsa ba to kunnensa ne bai nuna ba, har sun so su yi faɗa. Ni kuma fim ɗin sau ɗaya na kalla shi ma fassararre, ban riƙe waƙoƙin ba, kuma gaskiya kuɗin ba yawa gare ni ba. In saya ko in haƙura?

Ƙaninka daga Fagge, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, wannan akwatin kuma ka riƙe shi da kyau don Allah kar ka bari laima ta taɓa shi.

Musun da abokanka suke yi ba a majalisarku aka fara shi ba, tun da faifan ya fito a watan Oktoba 2012 su kansu Indiyawan haka suka rabu, kuma in ka san dalilin rabuwar shi kenan ka samu rabin amsarka. Kaga fim ɗin nan Yash Chopra ne ya ba da umarninsa, kuma kafin nan rabonsa da ba da umarni tun Veer-Zaara a 2004, shekara 8 cur mutane suna jira. Sai aka ce ga shi ya dawo, ga Sharukan, kuma a karon farko zai yi aiki da Rahman wanda ya ɗauko Oscar guda 2 a 2009 da Slumdog Millionaire, ga Gulzar zai rubuta baitoci. Wannan haɗin na Rahman da Gulzar da Sharukan shi ne fa ya ba mu Dil Se a 1998, mai waƙar nan ta rawa a saman jirgin ƙasa da kowa ya sani. To ka duba irin burin da aka ci. Kowa ya zo da kunnen da ya riga ya shirya, masoyan Yash Chopra suna jiran irin kiɗan Dil To Pagal Hai da Veer-Zaara, taron goge da amshin mata da muryar Lata Mangeshkar tana ratsa mutum, masoyan Rahman kuma suna jiran wani sabon abu mai girgiza kai irin Rockstar da ya yi a 2011 shekara ɗaya kacal kafin nan. Abin da ya fito sai ya tsaya a tsakiya, bai cika wannan ba bai cika wancan ba, shi ya sa ɓangarorin biyu duk suka ji kamar an rage musu wani abu. Inaga abokinka na farko a cikin ɗaya daga waɗannan yake, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya je nema ne babu.

Ni nawa ra'ayin, kuma na daɗe ina sauraron faifan nan, abu 9 ne a ciki amma waƙa 3 ne suke ɗauke da shi, sauran suna bin bayansu ne kawai.

Ta farko a wajena Heer ce, wadda Harshdeep Kaur ta rera da yaren Punjabi. Wallahi ƙanena ko don ita kaɗai ba zan ce wa mutum ya yi asara ba. Kiɗan a hankali yake tafiya, goge ne ya lulluɓe shi daga farko har ƙarshe, ita kuma muryar ba ta ihu ba ta gwaninta, kamar mace ce zaune ita kaɗai da dare tana faɗa wa ƙawayenta abin da yake cinta. Kuma in ka san abin da ke bayanta sai ta ƙara shiga ranka, don su mutanen Punjab suna da tsofaffin labaran soyayya da kowane yaro ya tashi da su kamar yadda muka tashi da tatsuniya, akwai na Heer da Ranjha akwai na Mirza da Sahiban, duka biyun kuma da mutuwa suka ƙare, to Gulzar sunayen nan ya ɗauko ya sa a bakin yarinyar tana zaɓar wacce za ta zama a cikinsu. A fim ɗin Katrina Kaif ce take rera ta a bikin zagayowar haihuwar babanta bayan Sharukan ya koya mata, amma ni na fi jin ta ba hoto, ka kashe fitila ka sa iyafis kawai, nan ne za ka gane me nake nufi.

Ta biyu Saans, Shreya Ghoshal da Mohit Chauhan. Ita ce ta fi kusa da abin da masoyan Yash Chopra suka saba, kuma ita ce irin waƙar da za ka ji sau ɗaya ka ce ba komai a ciki, bayan kwana uku sai ka tsinci kanka kana yin ta a kan mashin ba ka ma sani ba. Wannan halin waƙoƙin Rahman ne da yawa, ba sa kama mutum a ji na farko, kuma shi ya sa nake ganin waɗanda suka yanke wa faifan hukunci a satin da ya fito sun yi gaggawa. Akwai wata gajeriyar maimaicinta a gaba da Shreya ta yi ita kaɗai, ta baƙin ciki, ba ta da tsawo amma tana da nauyi.

Ta uku Challa, kuma a kanta aka fi yin rigima. Rabbi Shergill ne ya rera, mawaƙin Punjabi mai kaɗa jita, a fim ɗin kuma Sharukan ne yake yawo a titunan Landan da jitarsa yana waƙa ana ba shi 'yan canji. Ƙorafin mutane shi ne muryar ba ta hau fuskar ba, don mun saba in Sharukan ya buɗe baki muryar Udit Narayan ko Kumar Sanu ko Abhijeet ko Sonu Nigam ce take fitowa, sai ga wata murya daban wadda kana ji ka san ba tasa ba ce. Gaskiya ni ma a kallo abin ya ɗan dame ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ai ba kallo za ka saya ba, faifai za ka saya, kuma a faifai babu fuskar kowa, sai jita da murya da baitoci, kuma da baitocin nan ne Gulzar ya ci kyautar Filmfare ta marubucin waƙa a 2013. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe, rabin laifin da ake ɗora wa waƙoƙin nan laifin yadda suka zauna a fim ne, faifan kuma ya wanke su daga wannan.

Sauran kam ba zan daɗe a kai ba. Jiya Re ta Neeti Mohan tana da zafi da fara'a, ta dace da rawar kan Anushka Sharma a fim ɗin, amma akwai guntun rap na Turanci a ciki da ni dai bai taɓa yi min ba. Ishq Shava ta rawa ce mai ɗan ƙamshin kiɗan Larabawa, za ta yi maka a mota, ba za ka neme ta da dare ba. Ishq Dance kiɗa ne zalla ba waƙa, ganguna ne da aka yi don rawar Katrina, in babu rawar a gabanka sai ka ji kana jiran wani abu da bai zo ba. Waƙar sunan fim ɗin da Javed Ali da Shakthisree Gopalan suka yi tana farawa da kyau sai ta ja da yawa. Sai kuma ta ƙarshe wadda ba waƙa ba ce, baitoci ne Sharukan yake karantawa da muryarsa a kan kiɗa, Aditya Chopra ɗan Yash Chopra ne ya rubuta su, kuma in kai masoyin Sharukan ne na haƙiƙa wannan za ta taɓa ka ko ba ka jin yaren. A nan bari in ɗan gyara wani kuskure da nake yawan ji a majalisu, Dilwale Dulhania Le Jayenge da Mohabbatein ba Yash Chopra ne ya ba da umarninsu ba, Aditya ne, uban dai shi ne furodusa, don haka in abokanka suna auna faifan nan da waɗancan to da aikin ɗan suke auna na uban.

Yanzu maganar kuɗinka, tunda ka ce ba yawa gare su ba kuma na ji wannan sosai. In da ce min ka yi kawai so kake ka ji waƙoƙin, da sai in ce kar ka kashe ko sisi a kan faifai, duk suna nan a YouTube a shafin kamfanin YRF, wato Yash Raj Films da ya shirya fim ɗin, data kaɗan za ka sa. Kuma ma haka nake so ka fara yi kafin ka tura komai, ka ɗauki sati guda kana jin Heer da Saans da Challa, sauti kawai ba bidiyo ba, kullum sau ɗaya ko biyu, kar ka tambayi kowa a majalisa. In satin ya ƙare ka ji ko guda biyu a ciki kana marmarin komawa gare su to faifan naka ne, in kuma ka ji kana tilasta wa kanka ne to ka bar kuɗinka, don sauran shidan ba za su canja maka ra'ayi ba, waɗannan ukun su ne mafi kyawun abin da ke ciki.

Amma kai ba mai ji kawai ba ne, kai mai tarawa ne ɗan mai tarawa, kuma a nan ne hukuncina ya karkata. Yash Chopra ya rasu ranar 21 ga Oktoba 2012 yana da shekara 80, zazzaɓin dengue ne ya yi ajalinsa, faifan ya riga ya fito amma fim ɗin sai 13 ga Nuwamba aka sake shi, bai ga fitowarsa ba. Ma'anar sunan fim ɗin ma kusan muddin ina da rai ne, kuma shi ne ya zama aikinsa na ƙarshe, shi ne kuma kaɗai aikin da ya haɗa shi da Rahman, ba za a sake yin wani ba. Ina da tabbacin in ka bincika akwatin Baba ba za ka rasa kaset ɗin Silsila ko Chandni ko Kabhi Kabhie ba, waɗannan duk na mutumin nan ne, to wannan faifan shi ne yake rufe layin da mahaifinka ya fara. Saboda haka ni in ni ne kai zan saya, da sanin cewa waƙa 3 nake saye da kuma tarihi, ba Veer-Zaara ta biyu ba.

Sai dai ka ja kunnen yayanka kafin ya biya, tunda shagon tsofaffin kaya ne. Ya buɗe kwalin ya ɗaga faifan a haske ya duba bayansa ko ya kakkarce, ya tabbatar akwai tambarin YRF Music a jikin kwalin da jikin faifan don jabu ba a Kano kaɗai ake yin sa ba, ya ƙirga jerin da ke bayan kwalin ya ga 9 ne, kuma in mai shagon yana da abin sawa ya sa masa ya ji Heer tun daga farko har ƙarshe ko tana tsalle. In zai taho kuma ya sa shi a jakar hannu tsakanin kaya masu laushi, kar ya jefa shi cikin babban akwati a danne shi.