Amsa ga 'yar'uwar da oganta ya ce mata "I'm just pulling your leg"

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don irin wannan kunyar na sha ta. Wai kin duba ƙafarki mutane suka bushe da dariya, shi ne kike tambaya ko ki haddace idioms ɗari, wato irin wannan salon magana na Turanci. Ma'anarsa dai zolayarki yake yi, ba wani abu ba. Amma maganar hadda, don Allah ki bi a hankali, ita ta kai ni ta baro.

Lokacin da nake bautar ƙasa a wani ofis a Abuja mahaifin wata abokiyar aikinmu ya rasu, ni kuma tun shirin JAMB na haddace cewa "kick the bucket" na nufin mutuwa, sai na je gabanta da zuciya ɗaya na ce mata "sorry your father kicked the bucket". Baiwar Allah ta ɗago jajayen idanunta ta kalle ni, ta tashi ta fita. Ashe maganar ta raha ce, kamar ka je gidan makoki ka ce tsohon ya sheƙa barzahu. "Passed away" ake cewa, ko "I'm sorry for your loss". Abin da ya fi ƙona min rai wata babba ce a wurin, tana ji, maimakon ta ja ni gefe ta gyara min sai ta bi ofis-ofis tana ba da labari, har na gama shekarar nan in na shigo sai ta tambaye ni ina bokitina. Har gida na bi yarinyar na ba ta haƙuri ina kuka, ita ta yafe, waccan kuwa har yau in na tuno ta raina ɓaci yake.

Ki fara da idioms na wurin aiki kawai. "Let's call it a day" a tashi haka nan, "under the weather" ba ya jin daɗin jikinsa, "the ball is in your court" saura ke. Duk wanda kika ji ki rubuta har da wanda ya faɗa da inda ya faɗa, kar ki yi amfani da shi sai kin ji shi sau uku a bakin mutane. In ba ki gane ba ki ce "sorry, what do you mean?" kanki tsaye. Su ɗin da suka yi miki dariya ki ce musu "ya yi ɓatan kai" ki ga ko za su gane.