Tseren jiragen shira'i a lokacin korona: a yi ko a fasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar matasa a Jabal Auliya, kudu da Khartum a ƙasar Sudan, yawancinmu 'ya'yan masunta ne. Kowace shekara idan sanyi ya shigo, iskar arewa ta kankama, muna tseren jiragen shira'i, wato jiragen ruwa masu ƙyallen da iska ke turawa, ranakun Asabar a tafkin da ke saman madatsa. Jiragenmu 14 ne, sai lanshi guda mai inji na ceto. Bana, shekarar 2020, korona ta dawo karo na biyu, kan 'yan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce a fasa, wasu sun ce ai a fili ake yi, ba komai. Wani ma ya ce a ajiye lanshin a gaɓa don kada a cunkushe a cikinsa. Mun ji ka taɓa alƙalancin tsere. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Bari in fara da batun ajiye lanshi, don shi ya fi tayar min da hankali. Duk ranar da lanshin nan bai shiga ruwa ba, to ranar babu tsere. Korona, ko ga wanda za ta kayar, sai ta ɗauki kwanaki. Ruwa kuwa cikin 'yan mintuna yake gama aikinsa. Doka ta farko a kundin dokokin tseren jiragen shira'i na duniya, mai lamba 1.1, ta wajabta wa kowane jirgi ya ba da iyakar taimakon da zai iya ga duk mutum ko jirgin da ke cikin haɗari, kuma annoba ba ta shafe ta ba.

Masu cewa a fili ake yi suna da gaskiyarsu. Ƙwayar cutar ta numfashi take yaɗuwa, ta fi samun yadda take so a ɗaki rufe, inda mutane suka daɗe kusa da juna suna magana. Wasu da sun ji an ce jirgin ruwa sai su tuna Diamond Princess, wanda aka tsare a Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020, mutum sama da 700 suka kamu cikin kimanin 3,700. Amma wancan otal ne a kan teku, da ɗakuna da wuraren cin abinci. Naku jirgin ko rufi ba shi da shi, iska na kaɗawa ta ko'ina.

Inda suka yi kuskure shi ne zaton cewa ranar tsere a ruwa ake ƙarar da ita. Bi ranar Asabar ɗinku daga safe ka gani. Mutum goma sun matsu a boksi ɗaya (a-kori-kura) ko a hafila (bas), tagogi rufe saboda sanyi. An sauka, an dafa kafaɗa, an yi musabaha, an rungumi juna kamar yadda muka saba a ƙasar nan. An taru a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ana rubuta sunaye da biro ɗaya. An kewaye siniyar ful, wato tiren dafaffen wake, hannu takwas a kwano. Ga randa da moɗa guda, kowa ya sha ya miƙa wa na kusa. An haɗa kafaɗa an tura jirage cikin ruwa. Bayan an dawo, rayyis biyu, wato matuƙan jirgi, sun tsaya hanci da hanci suna ɗaga murya a kan wa ya tare wa hanya, jama'a sun yi musu zobe. Idan ka lissafa, za ka tarar awa ɗaya da rabi aka yi a ruwa, awa huɗu a gaɓa. A waɗannan awa huɗun aikinku yake. Faransawa ma haka suka karanci lamarin: ranar 8 ga Nuwamban 2020 aka tashi tseren Vendée Globe na kewaya duniya, matuƙa 33, kowa shi kaɗai a jirginsa, amma dubban 'yan kallon da suka saba cika tashar aka hana su zuwa.

Don haka ra'ayina a yi, muddin hukuma ba ta hana taro irin naku ba, amma a sake fasalin ranar.

Abin da zai fi rage muku cunkoso shi ne ku bar tashi lokaci guda, ku koma tseren bin sawu. Jirgin da kowa ya san ya fi nauyin tafiya shi zai fara tashi, a ce ƙarfe 9:00. Wanda ya ɗan fi shi gudu ya biyo bayan minti 3, haka haka, har jirgin da ya fi kowa ya tashi a ƙarshe, wataƙila bayan minti 40. Wanda ya fara ƙetare layin ƙarshe shi ya ci, ba wani lissafi. Kun fi ni sanin jiragen, sakamakon bara ya ishe ku ku tsara tazarar. Kowane jirgi zai zo bakin ruwa a lokacinsa, mutanensa su tura shi su tafi kafin na gaba su iso. Ba a buƙatar mutum huɗu a kan tuta da agogo, mutum guda da usur da takardar lokuta ya wadatar. Ba kuma wanda zai tsaya jiran a fitar da sakamako, tunda kowa ya gani da idonsa. A shirya wa ƙorafi dai: masu jirage masu gudu za su ce an zalunce su a makon farko. Ku yi musu alkawarin gyara tazarar bayan kowane tsere biyu. Ni a ganina ma ya fi daɗin kallo, domin a mintunan ƙarshe jiragen duka suke haɗuwa.

Rubuta suna, bayanin hanya da wuraren juyawa, duk a tura su ta WhatsApp ranar Alhamis, da muryar wani don waɗanda karatu ke ba su wuya. Hanyar kuma a nisanta ta daga ƙofofin madatsa, wannan kun sani tun kafin korona. Rikicin wa ya tare wa, dokar tsere ta riga ta ba da magani: wanda ya san ya yi laifi ya juya jirginsa sau biyu nan take a ruwa, magana ta ƙare. Wanda bai gamsu ba ya kira alƙali a waya da yamma, a ji kowane ɓangare daban.

A cikin jirgi ba za a iya ba da tazara ba, kada ma ku yaudari kanku. Abin yi shi ne kowane jirgi ya zama na 'yan gida ɗaya, wa da ƙane, uba da ɗa, waɗanda dama tare suke kwana suke ci. Inda hakan bai samu ba, mutum biyu ko uku su riƙe juna har ƙarshen kakar tsere, ban da tsalle daga wannan jirgi zuwa wancan. Takunkumi a gaɓa da cikin mota ake sa shi. A ruwa a cire, a ƙulle a leda. Jiƙaƙƙen takunkumi ba ya tare komai sai numfashin mai shi, kuma ba na son in ga yaro ya faɗa ruwa da ƙyalle manne a hanci.

Mu koma kan lanshi. Mutum biyu ne a ciki, kada su ragu kada su ƙaru: mai tuƙi da mai jawo mutum, in da hali 'yan gida ɗaya. 'Yan rakiya da masu ɗaukar hoto su zauna a tudu. Dalilin da ya sa na nace a kan biyu, na taɓa gani. Wata shekara jirgi ya kife a gabanmu, shira'in ya rufe wani yaro a ƙarƙashin ruwa, kuma direba kaɗai ne a jirgin ceto. Ya saki inji ya kama yaron, iska ta tura jirgin gefe. Ya koma ya kama inji, yaron ya suɓuce. Wani masunci ne da ke kusa ya yi nutso ya fito da shi. Har yau ina tuna yadda leɓen yaron ya canza launi.

Ku ɗaura igiya mai madauki ko ɗan tsani a gefen lanshin, yadda wanda ke da sauran ƙarfi zai hau da kansa ba sai an rungumo shi ba. A kashe farfela duk lokacin da aka matso kusa da mutum a ruwa. A ajiye busassun takunkumai a leda don wanda aka tsamo. Amma idan mutum ya galabaita, a cafko shi ta ko'ina, lissafin korona ya biyo baya. Wanda aka fito da shi ba ya numfashi kuwa, iska ce ta yanke masa, danna ƙirji kaɗai bai cika isarsa ba, sai an hura masa. Ku sayi jakar hura numfashi mai marufin baki da hanci, irin ta asibiti, ku roƙi wani ma'aikacin jinya ya koya wa mutanen lanshi amfani da ita kafin tseren farko. In babu ita a kusa, ɗan gidansu da ke jirgi ɗaya da shi ya hura masa baki da baki. Wannan ma wani amfanin haɗa 'yan gida ɗaya ne.

Bana kuma ku rage ƙarfin iskar da kuke yarda ku fita a cikinta. Idan farin kumfa ya bazu a kan raƙuman ruwa ko'ina, a ɗage. Kifewa kaɗan, ceto kaɗan, cuɗanya kaɗan. Rigar ceto dole ce ga kowa, har da masu cewa a ruwa aka haife su. Kowa ya riƙe tasa, a rubuta suna a jiki. Ta aro a wanke da sabulu a shanya a rana, kada a zuba mata kilorin, yana cinye zare, haka igiyoyi.

Sabulu da buta a bakin ruwa, kowa da gorar ruwansa da kofinsa. Mai shayi kada ku kore ta, abincinta ke nan. Ta fito fili, a ware kujerun.

Abin da ya fi wuya shi ne zazzaɓi. Ambaliyar 2020 ta wuce ta 1946 da ta 1988, Kogin Nilu ya haura mita 17 a Khartum a watan Satumba, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Yanzu duk wanda jikinsa ya yi zafi sai ya ce maleriya ce, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Kai ba aikinka ba ne ka bambance. Dokar ta zama ɗaya: zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, ko ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano, a zauna a gida a nemi gwaji. Mai maleriyar ma ai ba shi da abin yi a tsakiyar tafki. Na'urar auna zafi da ake nuna wa mutum a goshi ba na hana ku saye, amma kada ku dogara da ita, domin mutum na iya yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin alama ta bayyana.

Sai dai saurayin da ke kan gaba a maki ba zai faɗa maka yana tari ba idan rashin zuwansa zai raba shi da kofi. Ku cire masa wannan tsoron. Dama a tsarin tsere ana yafe wa jirgi sakamakonsa mafi muni, ku faɗaɗa. Idan tsere 8 za ku yi, mafi kyau 5 kawai za a ƙirga. Wanda ya zauna gida mako biyu bai yi asarar komai ba.

Dattawanmu su ne na fi ji. Ranar 26 ga Nuwamban 2020 cutar nan ta ɗauki Imam Sadik al-Mahdi, tsohon firaministan Sudan, Allah ya jiƙansa, duk da irin kulawar da ya samu. Tsohon rayyis mai shekara 60 da wani abu, ga sukari ga hawan jini, shi ne wanda za ta fi yi wa illa, shi ne kuma wanda ba ka isa ka ce masa ya zauna a gida ba. Kada ka ce. Ka je gidansa ka ce, "Baba, bana kai muke so ka riƙe mana tuta." A shimfiɗa masa tabarma shi kaɗai a kan tudu, ta ɓangaren da iska ke fitowa, a ba shi usur da jikansa ɗaya mai rubutu. Yara su gaishe shi daga nesa, hannu a ƙirji.

Kai kuma, Sakatare, ka tanadi littafi: wa ya zo, lambar wayarsa, jirgin da ya shiga, motar da ta kawo shi. Idan wani ya kamu, abokan jirginsa da duk wanda ya zauna da shi cikin tazarar mita ɗaya na minti 15 ko fiye su huta kwana 14. Idan rashin lafiyar ta ɓulla a jirage biyu ko uku da ba gida ɗaya ba a mako guda, a tsayar da tseren gaba ɗaya.

Akwai wasu dalilai biyu na fasawa. Na farko umarnin kwamitin gaggawa na lafiya, ko na ƙasa ko na jiha. Ba a musu da shi. Na biyu asibiti. Mun ga yadda aka yi ta yawo da marasa lafiya daga ƙofa zuwa ƙofa a Khartum lokacin kullen da ya fara 18 ga Afrilun 2020. Idan sandar shira'i ta fasa kan wani, ko aka tsamo wanda ya shaƙi ruwa yana buƙatar iskar oksijin, ina za ku kai shi, za a karɓa? In amsar ba ta tabbata ba, a bari. Ba abin kunya ba ne: tseren Sidni zuwa Hobat a Ostareliya, wanda ake yi duk shekara tun 1945, a Disamban 2020 aka soke shi karon farko, saura mako guda a tashi, saboda cutar ta ɓulla a wasu unguwannin Sidni. Ku naɗa mutum uku, ciki har da mai tuƙa lanshi, su bincika asibiti da hasashen iska ranar Juma'a bayan La'asar, su sanar da hukuncinsu kafin Isha'i, don kada kowa ya kama hanya da asuba ya tarar an ɗage.