Kare kai daga haɗari a garejin gyaran mota

Malam, ka tambaya abin da ya kamata ɗanka ya kiyaye, tunda ya fara koyon kanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana. Abin da na fi jin tsoro shi ne shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, domin man jak yana iya zurarewa, ƙasar gareji kuma ba ta cika zama daidai ba, musamman da damina. Sai ya kafa ƙarfen tokare mota, ya datse tayoyin da ke ƙasa da katako, sannan ya girgiza motar kafin ya kwanta.

Idan zai cire batir, ya fara kwance wayar da ke da alamar ragi, kuma kada a kunna wuta kusa da batirin da ake caji, saboda yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa. Kada ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, kada kuma ya tsotsi fetur da baki ko ya wanke hannu da shi, ko da ya ga manya suna yi. Ya haddace lambar gaggawa ta Ghana, wato 112.