Amsa Ga Ƙanina Mai Son Kawo Yara Su Ga Dusar Ƙanƙara

Assalamu alaikum ƙanina. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso, kuma ya zo ne a sahun irin saƙonnin da ke shigo mini duk lokacin da hunturu ya gabato, mutane suka fara ganin hotunan fararen duwatsu a wayoyinsu. Ka ce kana neman gurbin karatun digiri na biyu a nan Ostiriya, kuma kafin a kai ga haka kana so ka zo da mai ɗakinka da yaranku uku, 'yan shekara 7 da 5 da 2, ku yi mako guda a wani ƙauyen shaƙatawa na tsaunukan Alps cikin hutun ƙarshen Disamba. Ka nemi in zaɓa muku wurin da ya fi tsayi da yawan ƙanƙara, in kuma aiko muku da takardar gayyata. Na daɗe ina aikin otal a jihar Tirol, daga kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa tun duhun asuba har Allah Ya kai ni matsayin shugaban sashen karɓar baƙi, saboda haka abin da zan faɗa maka abu ne da nake gani a gabana kowace shekara.

Abin da ya fi ɓata mini rai a saƙonka shi ne abin da ba ka ambata ba. Ka yi bayanin irin hotunan da kake son ɗauka, amma ba ka ce komai ba game da 'yarka ta tsakiya, alhali ni da kai mun san tana da cutar sikila. Abubuwa uku da likitoci suka fi gargaɗin masu wannan cuta a kansu su ne sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da ƙarancin iskar shaƙa, kuma dukkansu suna haɗuwa a kan dutse lokacin hunturu. Duk yadda mutum ya ƙara hawa sama, iskar da huhunsa ke samu tana raguwa, sanyi yana matse ƙananan hanyoyin jini, busasshiyar iska kuma tana janye ruwan jiki ba tare da yaro ya ji ƙishirwa ba. Ciwon da ka san yana tayar muku da hankali da tsakar dare zai iya tashi a ƙauyen da ba shi da babban asibiti, a daren da ƙanƙara ta toshe hanya. Kai da mai ɗakinka ma kuna ɗauke da ƙwayar halittar cutar, tunda daga gare ku ta gada, kuma an san cewa masu ɗauke da ita kan iya samun matsalar saifa idan suka hau wuri mai tsayi sosai. Kafin ka sayi tikiti ko ka kama ɗaki, ka je wurin likitan da ke duba ta, ka gaya masa tsayin wurin da za ku kwana da irin sanyin da ake yi, ka karɓi shawararsa a rubuce. Idan ya hana, maganar ta ƙare, kuma ba zan taimaka a tsallake maganarsa ba.

Wannan ne ya sa ba zan zaɓa muku wuri mafi tsayi ba. Val Thorens ta Faransa tana kan mita 2,300, Obergurgl ta nan Tirol ta haura mita 1,900, kuma ƙwararrun masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ne ke neman irin waɗannan wurare saboda ƙanƙararsu ba ta saurin narkewa. Ciwon hawan dutse, mai zuwa da ciwon kai da amai da rashin barci, yakan fara kama mutane ne daga wajen mita 2,500, sai dai ƙaramin yaro ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, kuka kawai zai yi ta yi ya ƙi cin abinci. Wuraren kallon da kake gani a hotuna sun fi haka nisa. Jungfraujoch ta Suwizalan tana kan mita 3,454, Aiguille du Midi da ke saman garin Chamonix kuma tana kan mita 3,842, inda ba a ma yarda a hau da yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ba. A ƙa'ida, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka ranar da ake jin daɗinta a kwari tana iya zama azaba a saman dutse, musamman idan iska na kaɗawa. Idan likita ya amince, wuri irin Seefeld nake ganin ya dace da ku: tana kusa da mita 1,200, filinta a shimfiɗe yake, kuma jirgin ƙasa daga Innsbruck, babban birnin Tirol, ba ya kai awa ɗaya, ga babban asibitin jami'a a birnin.

Lokacin da ka zaɓa shi ne mafi muni ga aljihunka. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, sai kuma hutun makarantu na Fabrairu, su ne lokacin da otal-otal ke cika, farashi ya kai ƙololuwa, makarantun koyon zamiya su rufe rajista tun da wuri. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 4:30 na yamma, a kwarin da duwatsu suka kewaye ma inuwa takan rufe tun kafin nan, sannan a wurare marasa tsayi ba kullum ake samun ƙanƙara mai yawa a wannan lokaci ba. Tsakiyar Janairu ta fi sauƙin kuɗi da ƙarancin cunkoso, amma ita ce ta fi sanyi. Ga mai ƙananan yara, farkon Maris ya fi, domin yini ya ƙara tsawo, sanyi ya sassauta, yaro yana iya wasa a waje ba tare da yatsunsa sun sandare cikin ɗan lokaci ba.

Batun sutura shi ne inda baƙi suka fi cutar da 'ya'yansu ba da saninsu ba. Suna zuwa da ƙatuwar riga guda ɗaya mai kauri, a ƙarƙashinta kuma kayan auduga. Yaro ya yi gudu ya yi gumi, audugar ta tsotse gumin ta riƙe shi, da zarar ya tsaya sai jikin nasa ya yi ta sanyi a cikin jiƙaƙƙen tufafi. Abin da mutanen nan ke yi shi ne sutura hawa uku: ta ciki ta ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska shiga. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai raba su ɗumi, kuma kowane yaro yana bukatar biyu, domin kafin azahar ɗaya ta jiƙe. Takalmi ya zama mai hana ruwa, kada kuma ya matse, saboda matsewa tana hana jini gudu, ƙafa ta fi saurin daskarewa. Ka fi sa ido a kan autan. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin zubar da ɗumi, kuma wanda aka goya ko aka tura a keke ba ya motsi, don haka uwarsa tana gumi shi yana daskarewa. A baƙar fata ba a saurin ganin alamar daskarewa, sai an lura da kunne da hanci da yatsu, idan sun yi fari-fari ko toka-toka suka daina ji. In haka ta faru a shiga ɗaki a sa wurin cikin ruwa mai ɗumi kamar ɗumin jiki, kada a murza, kada a kanga a wuta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a farkon zuwana shi ne rana. Mutum yana rawar sanyi, rana kuma tana ƙona masa fuska, domin haskenta mai cutarwa yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, sabuwar ƙanƙara kuma tana iya dawo da har kashi 80 cikin 100 na wannan haske zuwa ido da fata. Kada wani ya ruɗe ka da cewa baƙar fata ba ta ƙonewa, kuma ido ba ruwansa da launin fata. Yaran suna bukatar tabarau masu tare hasken, da man kare fata, da man leɓe, da ruwan sha a kai a kai ko ba su nema ba.

Ka tambaya ko yaran za su koyi zamiya. Ɗan shekara 7 zai koya, kuma cikin 'yan kwanaki zai ba ka mamaki. Makarantun zamiya sukan fara karɓar yara daga shekara 3 ko 4, saboda haka autan wurin reno yake bukata, wanda shi ma sai an kama gurbi tun da wuri, a kuma tambayi harshen da masu renon ke yi. Ita ta tsakiya, likita ne zai yanke. Kayan zamiya haya ake yi, ba a saye don mako guda. Hular kwano dole ce a wurina ko doka ba ta ce ba. Italiya ta tilasta wa yara sa ta, haka ma yawancin jihohin Ostiriya ga 'yan ƙasa da shekara 15, kuma ko da yake Tirol ba ta cikinsu, da wuya ka ga ɗan gari ba da ita ba. Ku sa musu ita ko a kan abin zamiyar nan na katako da ake zama a kai, wanda iyaye ke raina wa don yana kama da kayan wasa, alhali yana jikkata yara da yawa kowace shekara.

Inshora kuma ka karanta ta da idon basira. Bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama har da Ostiriya, tana bukatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, amma inshora mai araha da mutane ke saye don cika sharaɗin biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasannin ƙanƙara, ba ta biyan ceto daga kan dutse, kuma ba ta biyan ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya idan ba a bayyana shi ba. Ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu yana cin dubban Yuro. Ka rubuta sikilar 'yarka a takardar, ko da kuɗin zai ƙaru, ka kuma taho da magungunanta a jakar hannu tare da bayanin likita da Turanci ko Jamusanci. Lambar neman agaji ita ce 112 a duk Tarayyar Turai, ta masu ceto a kan dutse a Ostiriya kuma 140. Shawarata kada ka yi hayar mota, tunda ba ka taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, ga dokar tayoyin hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, ga kujerun yara uku da za ka nema. Jirgin ƙasa ya ishe ku.

Saura takardar gayyata, kuma a nan zan ba ka haƙuri. Mutane a gida suna ɗaukarta kamar wasiƙar zumunci, alhali alkawari ne da nake sa wa hannu a gaban hukuma cewa duk kuɗin da zamanku ya jawo, har da na asibiti, yana wuyana. Na taɓa sa wa wani ɗan'uwa hannu saboda kunya da ganin girman iyayensa, ya zo ya kwanta asibiti da inshorar da ba ta biya ba, ya koma gida ya daina ɗaga wayata, ni kuma na yi ta biyan bashin daga albashin da nake samu da tsayuwar dare. Har yau bai ce mini sannu ba, danginsa kuwa cewa suke yi na samu wuri na manta da 'yan'uwa. Takardun zamana da amanar da na samu a wurin aiki da gumina na same su, cikin shekarun da nake tashi in fita aiki a sanyin da ke fasa leɓe, kuma ba zan sake jingina su ga abin da ba ni da iko a kansa ba. Mai zuwa yawon buɗe ido da kuɗinsa ba ya bukatar gayyata. Shaidar kama otal, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki, da takardun haihuwar yara su ne ake dubawa. Ana iya shigar da takardu tun watanni 6 kafin tafiya, amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa 12, 'yan ƙasa da 6 kuma ba sa biya.

Ka kuma yi tunani a kan karatun da ka ce shi ne babban burinka. Jami'in biza yana neman hujjar cewa za ka koma, kuma mutumin da ya kwaso iyalinsa gaba ɗaya yana kuma neman gurbin karatu a ƙasar zai iya sa shi shakka. Idan aka hana ka, hanin yana shiga rumbun bayanan da dukkan ƙasashen Shengen ke dubawa, ya zauna shekara 5, kuma za a gan shi ranar da ka dawo neman izinin karatu. Kuɗin da mako guda na mutum biyar zai ci a kan dutse kuma zai rage abin da za ka nuna a asusunka a matsayin kuɗin zaman ɗalibi. Da ni ne kai, sai in fara samun gurbin, in zo in zauna in ga hunturu guda da idona, sannan in kawo yara a Maris na shekarar da ke biye, lokacin da na san likitan da zan kira da hanyar asibiti.

Idan duk da haka kana nan a kan bakanka na zuwa bana, ka aiko mini da abin da likitan yarinyar ya rubuta, da tsawon kowane yaro da lambar takalminsa, domin akwai kayan sanyin da yarana suka girme wa waɗanda za su rage maka kashe kuɗi. Ka gaida mai ɗakinka da yaran, ka kuma ba ta wannan saƙo ta karanta da kanta kafin ku yanke shawara.